Ciyawar da Baba Ya Yi Wa Gadi

Babanmu manomi ne, irin wanda in ya hango ciyawa ta tsiro a tsagar bangon asibiti, sai ya bar layin ganin likita ya je ya tumɓuke ta. Da idona na ga haka, kuma ni na sha kunyar roƙon a mai da mu wurinmu a layi. Tun muna yara muka haddace ƙa'idarsa game da duk abin da ya fito daga ƙasa: in ba a ci, ba a ba dabba, ba a kuma jiƙa shi a sha, to ciyawa ce, ita kuwa ciyawa ba a barinta ta kwana. Gonarsa ta fi tsakar ɗakin wasu tsabta. Innarmu takan ce da za a ba shi dama, da har gashin kanmu ya bi da fartanya.

Da Inna ta rasu, gwiwarsa kuma ta fara yi masa gardama, yayyena suka danƙa gonar a hannun wani, ni kuma na ɗauko shi na kawo shi wurina. Ni ce auta, ni ce kuma mai bakin gidan, shi ya sa ba wanda ya ja da ni. Gidanmu a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda inda muke shanya. A falon nake ɗinki. Kekena na jikin taga, tulin yadin mutane a kan kujera ɗaya, ɗaya kujerar kuma muka bar wa Baba.

A kan wannan kujera na ga mahaifina yana ƙarewa a hankali. Yana tashi tun asuba kamar yadda ya saba, ya sa riga ya sa hula, sannan ya rasa inda zai nufa, sai ya zauna. Wuni guda yana kallon ƙafata a kan keke. In na kawo abinci ya ɗan tsakura ya ture kwanon. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ce magana ɗaya ce, ko dai ya riƙa tafiya kullum, ko kuma mu fara shirin jinyar mai kwance.

Baba ya ce, "In yi tafiya zuwa ina? Mutum da girmansa ya kama hanya ba wurin zuwa, ai sai a ce ya taɓu. Auta, ki mai da ni gida kawai."

Gidan da yake faɗa babu kowa a cikinsa sai ƙadangaru. Na san in na mai da shi can, ba zai ga ƙarshen shekara ba. Wannan tsoron nake kwana da shi nake tashi da shi, har na fara ɗinka wa mutane hannun riga a baibai.

Maigidana mai gyaran firiji ne, duk lungun garin nan ya sani. Shi ya ce akwai wani ɗan kurmi a bayan gidajen ƙarshe, an kewaye shi da waya, an fitar da siririyar hanya a ciki don masu yawo, da benci nan da can da 'yar gadar katako a kan rafi. Ya ce, "Kai shi ki gani. Ko ba komai zai taka ƙasa, ba tayil ba."

Mun je bayan ruwan farko, ƙasa na ta ƙamshi. Ni dai da muka shiga na saki baki. Gefen hanyar duk ya cika da ƙananan furanni, wasu rawaya kamar an watsa maɓallai, wasu shuɗi-shuɗi suna bin waya suna hawa, wasu farare ƙanana da sai ka durƙusa za ka ga suna da ɗigon ja a tsakiya. Malam-buɗe-littafi na ta shawagi, ƙudan zuma na shiga wannan su fita su shiga wancan. Wani zomo ya tsallake hanya a gabanmu ya tsaya yana mana kallon baƙi.

Na juya in ga ko Baba ya ji daɗi, sai na tarar ya riƙe haɓa kamar wanda ya zo jaje.

Ya ce, "Wa ke da wurin nan?"

Na ce, "Na kowa ne, Baba. Don kallo aka yi shi."

Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza ta a tafin hannu ya shinshina. "Allah ya shirye su. Ƙasa irin wannan, a bar wa ciyawa da ɓarayin wake irin zomon can."

Har muka dawo yana mita, amma fa da ƙafarsa ya zagaye wurin. Washegari ban gama ɗora ruwan shayi ba na ji shi yana neman sandarsa. Daga nan ya fara zuwa shi kaɗai kullum da sassafe. Ya dawo da gumi, ya cinye abincinsa, ya ba mu labarin irin sakacin da ya gani. Kumburin ya saɓe, takalmi ya koma shiga. Na yi ta godiya ga Allah, ban san akwai sauran rina a kaba ba.

Ashe can kusa da rafi akwai wani fili mai faɗin falonmu, an kafa turaku an zagaye shi da igiya, da wani allo mai rubutu a gefe. Baba bai iya karatun boko ba. Amma ya san ma'anar turaku da igiya: wani ya auna wuri zai yi shuka. A cikin filin kuwa wasu dogayen ganyaye sun ɓullo ko'ina, irin na wata albasar daji da ya sani farin sani, don ya sha fama da ita a gonarsa. Kullum ya wuce sai abin ya sosa masa rai. Ya ce a ransa mai wurin nan ko ba shi da lafiya, ko abu ya yi masa yawa, ga ruwa ya sauka, ga ciyawa na neman cinye masa fili.

Ban san ya zo da 'yar fartanyarsa daga gida ba, naɗe a buhu a ƙarƙashin gado. Ranar hutun ma'aikata ya ɓoye ta cikin riga ya fita. Ya zaɓi ranar ne don kada a gan shi a yi ta yi masa godiya.

Washegari da hantsi mai gadin ƙofar wurin ya kira ni a waya, don na taɓa yi wa matarsa ɗinki. Ya ce in zo yanzu-yanzu. Da tef ɗin awo a wuyana na isa.

Aikin Baba ba ya ɓuya. Filin ya yi fes, ko tsinke babu, an baje ƙasar an daidaita ta. A gefe ga tsibin albasar, an karkaɗe ƙasar jikin kowace, an juya saiwar sama tana kallon rana don ta bushe da kyau. Baba na tsaye ya dogara sanda, da sauran murmushi a fuskarsa wanda bai gama gogewa ba. A gaban tsibin kuma wata mata ce durƙushe, da takalmin roba da faffaɗar malafa, tana ɗaga albasar ɗaya bayan ɗaya tana hawaye. Ita ce mai kula da wurin. Masu yawo Mai Malafa suke ce mata.

Ta ɗago ta dube ni. "Mahaifinki ne?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "Kin san mene ne wannan? Irinsu ya kusa ƙarewa a duk yankin nan. Daga inda za a yi sabon titi na tono su da hannuna, kafin motocin rusau su iso. Shekaru ina lallaɓa su. Bana ne za su yi fure sosai, ga shi har sun fara ɗaukar kai." Ta ajiye albasar da ke hannunta. "Dokar wurin nan a rubuce take. Wanda ya yi ɓarna ba ya sake shigowa."

Ni da ba a taɓa mini uba in yi shiru, nan take na ɗaura ɗamara. Na ce tsoho ne, alheri ya nufa, kuma in abin yana da daraja haka me ya hana a sa masa waya sai igiya kamar ta shanya? Ban kai ƙarshe ba Baba ya ɗaga hannu.

"Auta, rufe mini baki."

Ya juya wajen matar ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. "'Yar nan, shukarki ce?"

Ta ce, "Shukata ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon tsibin. Sannan ya ce, "Ashe gonar mutane na shiga." Fartanyar ma a nan ya bar ta, muka kamo hanyar gida.

Wanda bai san Baba ba zai ce ai fure ne kawai. Amma wannan mutum ne da ko akuyarsa ce ta tsinke ta ci ganyen maƙwabci, ba ya iya cin abinci sai ya je ya ba da haƙuri. Duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa kai ƙararsa kan ɓarna ba, sai yanzu da furfura, kuma da hannunsa. Ya koma kan kujerar nan. Wannan karon ko hular ba ya sawa. Kwano ya riƙa komawa kicin yadda ya fito, ƙafa ta fara tasowa, zancen a mai da shi gida ya dawo, har ya sa na kira babban yayanmu ya faɗa masa da bakinsa. Yaya ya ce to a ƙarshen wata zai zo da mota. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kukana.

Ana saura 'yan kwanaki Yaya ya zo, da safe na fito na tarar Baba ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure.

Ya ce, "Raka ni. Ba zan bar garin nan da ɓarnar wani a wuyana ba."

A bakin ƙofar wurin ya tsaya, ya ƙi taka ko ƙafa ɗaya ciki, tunda an ce kada ya shiga. Mai gadi ya je ya kira Mai Malafa. Ta fito da laka har gwiwar hannu, ta gaishe shi a daƙile.

Baba ya ce, "Na zo biyan ɓarna."

Ta ce, "Da me za ka biya, Baba? Ba a sayar da su a kasuwa."

Ya miƙa mata tafukansa biyu. "Da waɗannan. Duk aikin da kika ga dama."

Ta kalli hannayen, masu kaushi kamar bayan itace. "Ai su ne suka jawo mana."

Na ga gefen bakinta ya motsa, ta danne dariyar. Sai ta dubi ƙafafunsa da suka cika silifas, ta dube ni, ni kuma idona ya riga ya tona mini asiri. Ta ce albasar da rana ba ta gama kashewa ba, ta riga ta mai da su ƙasa, amma ba ta san ko za su rayu ba, sai shekara ta zagayo. Abin da take buƙata shi ne wanda zai zauna kusa da filin da safe, lokacin da masu gudu da masu karnuka suke cika hanya, ya hana a taka.

Ta ɗaga yatsa. "Amma da sharaɗi. Ba ka taɓa komai. Ko ciyawa ta kai maka gwiwa, ko ta hau maka ƙafa, ido ne naka."

Baba ya ce, "Ko da ta fara 'ya'ya?"

"Ko da ta yi jikoki."

Ban taɓa ganin an yanke wa mutum hukunci mai tsanani irin wannan ba. Ya ce ya ji ya ɗauka. A ranar na kira Yaya na ce ya ajiye motarsa tukuna, na kuma kwaso rigunan Baba duka na zurfafa musu aljihu, don hannun ya sami wurin ɓuya.

Haka ya fara aikin zama. Da farko azaba ce. Mai gadi ya ba ni labari cewa yakan hango shi a kan benci, hannu biyu a aljihu, yana zazzare wa wata ciyawa ido yana magana da ita ƙasa-ƙasa. Amma mutumin da ya zauna shiru a kurmi, mazauna kurmin sukan manta da shi. Sai labaran da yake kawo mana da yamma suka sauya.

"Yau ɓarawon gyaɗan nan ya zo har kusa da takalmina," yana nufin kurege. "Ya tsaya da ƙafa biyu yana cin wani abu, yana kallona. Ko kunya babu."

Maigidana ya ce, "Baba, ba ka jefe shi ba?"

"Da wane hannu? Hannuna na kurkuku."

Wata rana kunkuru ne ya ɗauki rabin safiya yana tsallake hanya, Baba ya tare masu gudu da sanda har ya wuce. Wata rana makwarwa ce ta fito da 'ya'yanta a jere, ya ce uwar na gaba tana masifa, sak ni. Ya gano ramin bushiya a gindin wani kututture, ya san dutsen da zalɓe yake tsayawa a kai a rafi, ya ce tsuntsun nan ya fi shi haƙuri amma da kaɗan. Duk waɗannan a da abokan gaba ne, da tarko da gwafa yake gaisawa da su. Yanzu in ɗaya bai zo ba sai ya dawo gida yana cigiya.

Mai Malafa ma ta fara zama kusa da shi in ta gaji, ta zuba masa shayi daga fulas ɗinta. Tana faɗa masa sunayen furanni irin na littafi, dogaye masu karya harshe, shi kuma yana raɗa musu nasa. Akwai wadda ya sa wa Mai Tsiwa, don da an taɓa ta take naɗe ganye. Ba ta taɓa yi masa gorin abin da ya faru ba, ko sau ɗaya. Wata rana na je kai masa maganinsa da ya manta, na ja ta gefe zan yi mata godiya, bakina da ba ya mutuwa ya ƙi buɗuwa. Na riƙe hannunta mai laka kawai. Ta ce, "Bari, 'yar'uwa. Nawa uban ban samu na yi masa ba." Har yau in na yi wa iyayena addu'a, sai na sa matar nan a ciki.

Da ruwa ya ɗauke, komai ya bushe. Filin ya koma ƙasa da busasshen kara, ba alamar akwai wani abu mai rai a ciki. Baba bai fasa zuwa ba, amma na san abin na cinsa. Wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya ajiye cokali ya ce, "Na juya su da kyau, Auta. Ni na san aikina. Abin da na juya ba ya tashi." Maganar komawa gida kuwa bai janye ta ba, ya dai jingine ta. Ya ce in shekara ta zagayo ya ga ƙarshen ɓarnarsa, sai a kira Yaya.

Ruwan farko ya sauka. Bayan 'yan kwanaki ya dawo yana haki ya ce ganye ya leƙo. Ba su da yawa, ba su kai rabin na da ba, wasu wuraren sun zauna fayau kamar bakin tsohuwa. Mai Malafa ta ce ita ko haka ba ta zata ba. Daga baya wasu suka fitar da dogon kara mai kumburi a kai. Baba ya ce shi bai san suna yin haka ba.

Wata safiya mai gadi ya sake kirana. Na ce me kuma ya nome? Ya ce ba komai, Baba ne ya ce in zo da sauri.

Tun daga kan gadar katako ƙamshin ya tare ni. Sun buɗe. Manya ne farare, kowane da jan zane a tsakiyar ganyen furen, sun ɗan sunkuyar da kai, raɓa na ɗiga daga bakinsu, ƙudan zuma har sun riga mu zuwa. Mai Malafa na gefe ta cire malafarta ta rungume. Baba kuwa ya durƙusa a bakin igiya da wannan gwiwar tasa mai gardama, hannunsa biyu cikin aljihu, hancinsa ya kusa taɓa furen da ya leƙo waje.

Bai juyo ba ya ce, "Auta, zo ki gani. Tun ina yaro nake kashe abin nan. Da ya fito nake gamawa da shi, ban taɓa barin ko ɗaya ya kai haka ba. Na daji kuwa, wa ke da idon kallonsa ana tseren shuka?" Hawaye na bin furfurar gemunsa. "Ban san haka fuskarsa take ba."

Na durƙusa kusa da shi. Na ce a hankali, "Baba, shekara ta zagayo. In kira Yaya?"

Ya harare ni kamar na faɗi wata wauta. Ya nuna wuraren da ba su tsiro ba da haɓarsa. "Kin ga wancan giɓin? Ni na yi shi. 'Yar nan ta ce waɗannan za su hayayyafa su cike shi, amma sai baɗi, wataƙila ma baɗin baɗaɗa. Wa zai tsare mata? Baɗi ma sai na sa an matso da bencin nan, don rana na dukan wancan gefen."

Tun rasuwar Inna ban ji kalmar baɗi ta fito daga bakinsa ba sai ranar. Na sa hannu a hammatarsa ta dama, Mai Malafa ta kama ta hagu, muka ɗaga shi, yana ta faɗa wai mu bi a hankali kada mu ture igiya.